Shin Allurar Ekzosom Tana Iya Gyara Gwiwar da Ta Zaizaye?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa mahaifiyarta mai shekara 64 ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har likitoci sun tabbatar cewa guringuntsin gwiwar ya zaizaye. Wani asibiti mai zaman kansa ya yi musu tayin allurar da ake kira ekzosom, aka ce musu tana sabunta guringuntsi, ta fi allurar ƙwayoyin tushe (wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) inganci, kuma ba ta da illa tunda daga jikin ɗan Adam aka samo ta. Tana son sanin mene ne wannan abu, kuma ko ya dace su amince.

Amsa: Malama, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ita. Zan fara da matsayata kafin dalilai, domin kada tsawon bayani ya ɓoye ta: ban ba da shawarar a yi mata wannan allura ba, sai idan a cikin gwajin asibiti ne wanda hukumar kula da magunguna ta ba shi izini, kwamitin ɗa'ar bincike kuma ya amince da shi. Ina faɗin haka a matsayin wanda ya shafe shekaru yana tace waɗannan abubuwa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma yake da kyakkyawan fata a kansu. Ilimin da ke bayan ekzosom na gaske ne, amma masu zuba shi a kwalba suna sayar wa marasa lafiya a yau sun riga malam masallaci.

Jikin mutum gini ne na ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30 ko fiye, kowace tana lulluɓe da siririn tantani na kitse. Kusan dukkan waɗannan ƙwayoyi suna fitar da wasu 'yan jakunkuna masu irin wannan tantani, waɗanda ke yawo a cikin jini da fitsari da yawu da ruwan nono da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Ekzosom nau'i ɗaya ne daga cikinsu. Faɗinsu yakan kama daga nanomita 30 zuwa 150, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, don haka sai an jera kusan guda 70 kafin su cike faɗin jar ƙwayar jini ɗaya. Abin da ya bambanta su da sauran jakunkunan shi ne hanyar haihuwarsu. Tantanin ƙwayar halitta yakan lotsa ciki ya zama aljihu, bangon wannan aljihu ya sake lotsawa ya haifar da ƙananan jakunkuna masu yawa a cikinsa, daga nan aljihun ya matso bakin ƙwayar, ya haɗe da tantaninta, ya amayar da su waje. A cikin kowace jaka akwai furotin da kitse da gutsattsarin RNA, wato sinadarin da ke ɗaukar umarni daga DNA ko yake daidaita yadda ake aiwatar da shi.

Ki riƙe wannan da kyau, domin yana taɓa alƙawarin da aka yi muku kai tsaye: ekzosom ba shi da rai, ba shi da cibiyar ƙwayar halitta, ba ya rabuwa ya hayayyafa, kuma ba zai taɓa rikiɗa ya zama guringuntsi ba. Iyakar abin da zai iya yi shi ne ya kai saƙo ga ƙwayoyin da ke gwiwar, ya ce musu su rage kumburi ko su ƙara himmar gyara. Idan ƙwayoyin da za su karɓi saƙon sun yi ƙaranci ko sun tsufa, kamar yadda yakan kasance a gwiwar da ta shekara da shekaru tana zaizayewa, manzo ya iso amma masu aikin kaɗan ne.

Tarihin gano su yana taimakawa wajen fahimtar inda aka kwana. A shekarar 1983 ƙungiyoyi biyu na masu bincike, ɗaya ta Clifford Harding da John Heuser da Philip Stahl a birnin St. Louis na Amurka, ɗaya ta Rose Johnstone da Bin-Tao Pan a Jami'ar McGill ta Kanada, suka lura cewa jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa suna zubar da wani furotin da ba su ƙara buƙata ta hanyar ƙunshe shi a 'yan jakunkuna. Johnstone ce ta kira su ekzosom a 1987, kuma tsawon shekaru ana ɗaukarsu kwandon shara kawai. A 1996 Graça Raposo ta nuna cewa waɗanda wasu fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa suna iya zaburar da garkuwar jiki. Babban sauyin ya zo a 2007, lokacin da ɗakin binciken Jan Lötvall a birnin Gotenbag na Suwidin ya ɗauki ekzosom daga ƙwayoyin ɓera ya zuba wa ƙwayoyin mutum, sai aka tarar ƙwayoyin mutum sun fara ƙera furotin na ɓera. Ma'anar wannan ita ce umarnin da ke cikin jakar ya tsallaka daga wata ƙwaya zuwa wata, kuma an yi aiki da shi.

Shigarsu fagen farfaɗo da sassan jiki ta biyo ta wani abin mamaki da aka gani a binciken ƙwayoyin tushe, musamman nau'in da ake samu a ɓargo da kitse da igiyar cibiya, wanda ake taƙaita sunansa da MSC. Da farko an zaci idan aka yi allurarsu za su je inda ya lalace su zauna, su zama sabuwar tsokar zuciya ko sabon guringuntsi. Da aka bi sawunsu a jikin dabbobi sai aka ga mafi yawansu suna maƙalewa a ƙananan jijiyoyin huhu, su ɓace cikin 'yan kwanaki, amma duk da haka dabbar takan samu sauƙi. A 2005 Massimiliano Gnecchi da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwan da aka raini ƙwayoyin a cikinsa, ko da an cire su, yana rage lalacewar zuciyar ɓera bayan toshewar jijiya. A 2009 ƙungiyar Giovanni Camussi a birnin Turin na Italiya ta ga irin wannan a ƙoda, a 2010 kuma ƙungiyar Sai Kiang Lim a Singafo ta danganta amfanin da ake gani a zuciya ga ekzosom ɗin da ke cikin ruwan. Har Arnold Caplan, wanda ya raɗa wa waɗannan ƙwayoyi sunansu a 1991, ya dawo a 2017 yana neman a daina kiransu ƙwayoyin tushe, domin ainihin aikinsu aika saƙo ne. Daga nan tunanin ya fito: idan amfanin yana cikin abin da ƙwayar ke fitarwa, me zai hana a bar ƙwayar a ɗauki saƙon kaɗai? Tunani ne mai ma'ana. Jakunkunan ba sa hayayyafa balle su zama ƙari, ƙanƙantarsu ba ta barin su toshe jijiyoyin huhu, ana iya daskarar da su a ajiye, kuma garkuwar jiki ba ta cika yi musu bore kamar yadda take yi wa ƙwayoyin wani mutum ba.

A nan ne nake so in daɗe, domin matsalar da masu talla ba sa ambata tana cikin kwalbar kanta. Bari in kwatanta miki yadda ake samo su. Ana rainon ƙwayoyin a faranti na kwanaki, a kwashe ruwan da ke kansu, a wulwula shi a na'ura sau da yawa don a fitar da matattun ƙwayoyi da tarkace, daga ƙarshe a saka shi a wata babbar na'ura mai juyi da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000, na tsawon sa'a ɗaya ko biyu. Kafin a rufe na'urar mukan ɗauki alƙalami mu yi ɗigo a gefen bututun da zai fuskanci waje, saboda idan an gama sau da yawa ido ba ya ganin komai a ƙasan bututun, sai mutum ya tsiyaye ruwan a hankali, ya bi wurin ɗigon yana wankewa da 'yan ɗigon ruwan gishiri, bisa yaƙinin cewa abin yana nan. Abin da ya taru a wurin kuwa gauraye ne: akwai ekzosom na gaske, akwai wasu jakunkunan da suka ɓalle kai tsaye daga fatar ƙwaya, akwai dunƙulen furotin, akwai ƙwayoyin kitse, kuma idan an ciyar da ƙwayoyin da ruwan jinin ɗan tayin saniya kamar yadda aka saba, ba tare da an tace shi sosai ba, akwai jakunkunan saniya a ciki. Akwai sababbin hanyoyin tacewa da suka fi wannan tsafta, amma babu wadda ke ware ekzosom zalla. Shi ya sa ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, ISEV, a ƙa'idojin da ta fitar a 2014 ta sabunta a 2018 da 2023, take jan hankalin masu bincike su yi amfani da sunan gama-gari na jakunkunan wajen ƙwaya, su bar kalmar ekzosom sai sun tabbatar da hanyar da abin ya fito. Masana suna taka-tsantsan da sunan, 'yan kasuwa kuwa suna buga shi da manyan haruffa a jikin kwali.

Haka batun adadi yake. Za ki ga an rubuta cewa kwalba ɗaya tana ɗauke da biliyan kaza. Na'urar da aka fi amfani da ita wajen ƙirga tana haska ruwan ne da hasken leza, ta ƙirga duk wani ɗan abu da ke motsi a ciki, ba tare da ta bambance jaka mai saƙo da ɓurɓushin furotin ba. Ko da duk na gaske ne, yawansu ba ya nuna ƙarfinsu. Wani bincike da aka wallafa a 2014 daga ɗakin binciken Muneesh Tewari ya ƙirga ƙananan RNA da ke cikin ekzosom, ya tarar cewa ko nau'in da ya fi yawa, a matsakaici sai an tara jaka sama da 100 kafin a samu kwafi ɗaya. Wannan ya sa har yanzu ana muhawara a kan wane sashe na kayan da ke ciki ne yake yin aikin. Ƙari a kan haka, abin da ƙwaya ke zubawa a jakarta yana sauyawa bisa shekarun wanda aka ɗebo ta daga jikinsa, da sashen jikin da ta fito, da sau nawa aka raba ta a faranti, da yawan iskar oksijin da ta samu. Kwalba biyu daga kamfani ɗaya suna iya bambanta. Maganin da ba a san sinadarin da ke aiki a cikinsa ba, ba a kuma da ma'aunin ƙarfinsa, ba a iya cewa ga adadin da ya dace da mara lafiya. Sannan idan an yi allurarsu a jijiya, gwaje-gwajen ɓeraye sun nuna mafi yawansu suna barin jini cikin 'yan mintoci, hanta da saifa su kwashe su.

Game da gwiwa, akwai sakamako masu daɗin ji a dabbobi. A 2016 masu bincike a Singafo sun huda guringuntsin gwiwar ɓeraye, suka riƙa yi musu allurar ekzosom mako-mako, bayan mako 12 ramin ya cike da nama mai kama da guringuntsi na asali, alhali gwiwar da aka yi wa ruwan gishiri ba ta cike haka ba. Aiki ne mai kyau. Sai dai ramin da aka huda jiya a gwiwar ɓera mai ƙuruciya da ƙoshin lafiya daban yake da gwiwar dattijuwa wadda ta ɗauki nauyin jiki shekara 64, guringuntsinta ya siraɗe a faɗin gaɓar, ƙashin da ke ƙasa ya yi kauri ya fitar da tsiro, wataƙila ƙafar ma ta ɗan karkace. Magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye suka kasa a jikin mutane, kuma ciwon zaizayar gaɓɓai yana cikin cututtukan da wannan ya fi faruwa a kansu.

A jikin mutane kuwa, abin da ake da shi ƙananan gwaje-gwaje ne. Na farko-farko an wallafa su a 2005, a Faransa kan masu sankarar fata da Amurka kan masu sankarar huhu, suka nuna jiki yana jure allurar, amma gwaji na mataki na biyu da ya biyo baya a Faransa, wanda aka wallafa a 2016, bai cimma burin da aka sa masa ba. A 2014 likitoci a birnin Essen na Jamus sun ba da rahoton mace ɗaya da ta samu sauƙi daga mummunan rikicin garkuwar jiki bayan dashen ɓargo. A 2016 an yi gwaji a Masar kan mutum 40 masu ciwon ƙoda. A 2023 an wallafa gwaji a Amurka kan mutum 102 da korona ta lalata musu huhu, inda ba a ga wata babbar illa daga maganin ba, amma bambancin mace-mace a tsakanin dukkan mahalarta bai kai matsayin da lissafi zai tabbatar ba, sai aka wuce zuwa gwaji mafi girma. Babu wani babban gwaji na mataki na uku da ya nuna ekzosom yana dawo da guringuntsin gwiwar mutum. Domin ki ga irin lokacin da wannan tafiya ke ci, su kansu ƙwayoyin MSC da aka fara bayyana su tun wajen 1970, sai a Disambar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da magani na farko da aka yi da su, shi ma don cuta ɗaya tak a jikin yara.

Za a iya ce miki akwai waɗanda aka yi wa allurar suka miƙe suna tafiya. Ba na ƙaryata su, amma gwiwa tana cikin sassan jikin da suka fi ruɗar mai lura. Ciwonta yana tashi yana kwantawa, kuma mutum yakan nemi sabon magani ne a lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa, wato daidai lokacin da zai fara sauka ko da ba a yi komai ba. An kuma sha gani a gwaje-gwaje cewa allurar ruwan gishiri kawai a cikin gwiwa tana rage zafi na tsawon watanni ga mutane da yawa. A 2002 likita Bruce Moseley da abokan aikinsa a birnin Hustan sun raba marasa lafiya 180 kashi uku: biyu aka yi musu aikin wanke gwiwa ko kankare ta da na'urar leƙe, kashi na uku aka tsaga fatar kawai aka ɗinke ba tare da an taɓa cikin gaɓar ba. Bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi sauran samun sauƙi ba. Idan aikin tiyata da likitoci suka daɗe suna yi da zuciya ɗaya ya faɗi wannan jarrabawa, allurar da ba ta taɓa zama jarrabawar ba ba ta da hurumin a yarda da ita bisa labarin mutum biyu ko uku. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Maganar cewa ba ta da illa ita ce ta fi damuna. A Disambar 2019 hukumar FDA ta fitar da sanarwar gargaɗi bayan wasu marasa lafiya a jihar Nebraska sun kamu da rashin lafiya mai tsanani sakamakon allurar da aka sayar musu da sunan ekzosom, ta kuma bayyana cewa babu wani maganin ekzosom da ta amince da shi, kuma doka tana ɗaukarsu magani ne da ke buƙatar izini kafin a sayar. Shekara ɗaya kafin nan, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ba da rahoton mutum 12 a jihohin Tekzas da Fulorida da Arizona waɗanda aka kwantar a asibiti da cututtukan jini da na gaɓɓai da na ƙashin baya, bayan allurar wani haɗi na jinin igiyar cibiya da ya gurɓace da baktiriya. Wancan ba ekzosom ba ne, amma kasuwar ɗaya ce, hanyar sarrafawar ma kusan ɗaya. Gwiwar da baktiriya suka shiga tana tara mugunya, guringuntsin da ya rage yana iya narkewa cikin kwanaki, sai an buɗe an wanke, a shafe makonni ana shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da ƙanƙantar abin. Matatar da ake tsarkake ruwan allura da ita tana da huda mai faɗin nanomita 220, wadda ke tare baktiriya ta bar ekzosom su wuce. Ƙwayar cutar HIV faɗinta wajen nanomita 100 zuwa 120 ne, ta ciwon hanta nau'in B kuma 42, don haka duk matatar da ekzosom ya bi su ma za su bi, kuma ba a iya dafa ruwan a kashe su ba tare da an lalata jakunkunan ba. Tsaron mara lafiya ya rataya gaba ɗaya a kan binciken lafiyar wanda aka ɗebi ƙwayoyinsa da tsaftar masana'antar, abubuwa biyu da babu mai tabbatar da su idan hukuma ba ta shiga ta duba ba. Haka nan ga wanda ya taɓa yin ciwon daji akwai dalilin ƙarin hattara. Binciken ɗakin David Lyden a New York, a 2012 da 2015, ya nuna ƙwayoyin sankara suna aika nasu ekzosom su share musu wurin sauka a huhu ko hanta kafin su yaɗu. Wannan bai nuna allurar MSC tana haddasa sankara ba, amma ya nuna jakunkunan suna da ƙarfin sauya halin sassan jiki ta kowace fuska, kuma saƙon da ke cewa a tsiro da sababbin jijiyoyin jini, sankara ma tana maraba da shi.

Wataƙila kin ga sunan a man shafawa da maganin zubewar gashi, domin a can ne kasuwar ta fi bunƙasa, musamman daga Koriya ta Kudu. An yi wani ƙaramin gwaji a wannan ƙasa a 2020 kan mutum 25 masu tabon ƙurajen fuska, aka shafa ekzosom a gefe ɗaya na fuskar bayan aikin leza, aka ga gefen ya ɗan fi kyau. Dokar Tarayyar Turai ta hana sanya abin da aka samo daga jikin mutum a kayan kwalliya, shi ya sa da yawa daga cikinsu na tsirrai ne ko na kifi. Shafa abu a fata da tura shi cikin gaɓa ko jijiya ba su da haɗari iri ɗaya, kuma abin da aka sayar a matsayin kayan kwalliya bai halatta a yi allurarsa ba. Wasu masu talla kuma sukan ambaci kyautar Nobel ta 2013. An ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof ita ne saboda gano yadda ƙwayar halitta ke jigilar kaya a jakunkuna, babu ruwanta da amincewa da wata allura.

Inda ni kaina na fi sa rai shi ne amfani da jakunkunan a matsayin abin dakon magani sananne. A 2011 ƙungiyar Matthew Wood a Jami'ar Oksfod ta ɗora wa ekzosom wata alama a bayansu, ta cusa musu guntun RNA, ta yi allurarsu a jijiyar ɓera, suka isa ƙwaƙwalwa suka rage aikin wani sinadari mai alaƙa da cutar mantuwa da kimanin kashi 60 cikin 100. A 2017 ƙungiyar Raghu Kalluri a cibiyar MD Anderson ta yi makamancin haka kan sankarar fankiriyas, wani sashen jiki da ke bayan tumbi, aikin ya kai ga gwaji a jikin mutane. A irin wannan an san abin da ke cikin jakar, ana iya auna shi. Duk da haka hanyar ba ta da sauƙi: kamfanin Codiak, wanda yake cikin na gaba-gaba a wannan fanni kuma ya kai magungunansa gwajin asibiti, ya durƙushe a 2023.

Idan kuna son komawa asibitin ku ji ta bakinsu, ki nemi su nuna miki a rubuce izinin da hukumar kula da magunguna ta ba wannan haɗin don wannan cuta, ba rajistar kamfani ko ta ginin asibiti ba. Idan sun ce gwaji ne, ki nemi lambar izininsa da sunan kwamitin ɗa'ar da ya duba shi da takardar amincewa da ke lissafa haɗurra, ki kuma sani cewa ganin sunan bincike a shafin ClinicalTrials.gov ba shaidar amincewar hukuma ba ne, tunda masu binciken ne da kansu suke shigar da shi. Ki tambayi daga jikin wa aka samo ƙwayoyin, waɗanne cututtuka aka bincika, ina takardar gwajin tsaftar wannan rukunin kwalabe, a wane sanyi aka ajiye su, domin a ɗakin bincike a ma'aunin 80 ƙasa da sifili muke ajiye su, kuma wa zai ɗauki nauyin jinya idan gwiwar ta kumbura. Gwajin gaskiya ba ya yi wa mutum alƙawarin warkewa, kuma akasari ba ya karɓar kuɗin maganin da ake gwadawa daga hannun mara lafiya. Na taɓa karɓar irin wannan kwalba daga hannun wani da aka sayar wa, babu lambar rukuni a jikinta, babu ranar sarrafawa, an kuma kawo ta a jakar hannu ba tare da ƙanƙara ba. Na roƙe shi kada ya bari a tura masa ita a jiki.

Abin da zai amfani mahaifiyarki yanzu sananne ne, kuma an gwada shi a kan dubban mutane. Motsa jiki na ƙarfafa tsokar cinya a ƙarƙashin kulawar likitan motsa gaɓɓai (fisiyo) yana rage zafi yana kuma ƙara ƙarfin tafiya, ko da hoton ƙashi ya nuna zaizaya mai yawa. Idan tana da ƙiba, rage nauyi yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin kowane kilo ɗaya da ya sauka yana sauke wa gwiwa nauyin da ya kai kusan kilo huɗu a kowane taku. Man shafawa mai rage kumburi irin diklofenak ya fi ƙwayoyin haɗiya aminci ga mai shekarunta, musamman idan tana da hawan jini ko gyambon ciki ko matsalar ƙoda. Sandar dogarawa a hannun da ba na gefen gwiwar mai ciwo ba tana taimakawa, allurar sitiroyid kuma tana ba da sauƙi na 'yan makonni idan ciwon ya tashi, amma ba a son yawaita ta. Idan ciwon ya kai ga hana ta barci ko hana ta harkokin yau da kullum duk da waɗannan, ku nemi ganin likitan ƙashi a kan aikin sauya gwiwa, wanda akasarin waɗanda aka yi wa suke amfana da shi fiye da shekara 15. Idan kuwa an riga an yi mata allurar kafin wannan amsa ta iso gare ki, ki sa ido: gwiwar ta kumbura, ko ta yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko ta kasa taka ƙafar, ku kai ta sashen gaggawa a ranar, ku tafi da kwalbar ko kwalinta, ku gaya wa likita ainihin abin da aka tura mata da ranar da aka yi.